Yadda ake loda wa direban Wi-Fi bayanan daidaita rediyo a rautar da aka sa wa OpenWrt

A cikin 'yan'uwanmu masu gyaran waya da kwamfuta a Jidda da Makka, aikin rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, ya fara samun kasuwa. Mutum zai je Harajin Sawarik ya sayo tsohuwar TP-Link ko Xiaomi da riyal kaɗan, ya goge manhajar kamfani ya ɗora OpenWrt, wato manhajar rauta ta kyauta da aka gina kan Linux, ya kai ta masaukin alhazai ko wani shago a Shara Mansur. Galibi lafiya lau ake rabuwa. Sai dai akwai wata matsala da ke yawan dawo da na'ura kan teburin mai gyara: rauta ta tashi, fitilu na ci, wayar LAN na ba da intanet, amma Wi-Fi ko dai ya ɓace ɗungurungum, ko yana nan amma da ka tsallaka ɗaki na biyu sai ya tsinke. Mai kaya ya ce, "Muhandis, wannan ai ta ƙone." Alhali sau da yawa rediyon lafiyarsa ƙalau, bayanan daidaitawarsa ne ba su isa ga direba ba, wato 'yar manhajar da ke sarrafa cif ɗin rediyon.

Abin da ke cikin bayanan, da dalilin da ba a sauko da su daga intanet

Cif biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya ba sa fitar da ƙarfi iri ɗaya. Ga kuma amfilifaya, da layukan tagulla da ke kan bodi, da kiristal mai ba da agogo, kowanne da 'yar karkatarsa. Saboda haka kafin rauta ta shiga kwali, ana jona ta da na'urar awo, a gwada ta a tashoshi daban-daban, a rubuta sakamakon cikin filash ɗinta, wato cif ɗin ajiyar da ba ya mantuwa ko wuta ta ɗauke. A ciki akwai gyaran ƙarfin watsawa na kowane yanki na mita, da gyaran kiristal, da yawan eriyar da aka jona, da iyakar ƙarfin da doka ta yarda, da yadda za a rama idan cif ya yi zafi. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai, domin rautar da ke rataye a barandar Makka da rani, ana zafin da ya haura digiri 40, tana dogara da shi kullum. Abin kamar tabarau ne da likita ya auna wa mutum: na wani zai iya zama a hancinka, har ka ɗan ga hanya, amma ba idonka aka auna ba.

Katin Wi-Fi na laftof yana ɗauke da nasa bayanan a jikinsa. A rauta kuwa, don rage kuɗi, kamfanoni sukan zuba su cikin babban filash ɗin da manhaja take. Na'urorin Atheros, wanda Qualcomm ya saya a 2011, suna kiran sashen `art`. Na MediaTek suna kiransa `factory`. Cif ɗin bai san inda aka ajiye su ba, sai an ɗauko an miƙa wa direba. Aikinmu ke nan.

Mataki na farko: kwafi, kafin komai

Da zarar ka samu shiga ta SSH, wato hanyar ba wa rauta umarni daga kwamfutarka, kafin ka taɓa saitin Wi-Fi ma, duba jerin sassan filash:

```
cat /proc/mtd
```

Nemo layin `art` ko `factory`, ka lura da lambarsa. A ce `mtd4` ne:

```
dd if=/dev/mtd4ro of=/tmp/art.bin
sha256sum /tmp/art.bin
```

Daga kwamfutarka ka janyo shi da `scp -O root@192.168.1.1:/tmp/art.bin .` sannan ka sake lissafa sha256 ɗin ka ga ya yi daidai. Kada ka bar shi a `/tmp`, wurin nan ƙwaƙwalwar wucin gadi ce, wuta na ɗaukewa ya tafi. Ni shawarata ka kwafe duk sassan, har da `u-boot`, sashen manhajar da ke tada na'ura, domin a yawancin tsofaffin TP-Link a can adireshin MAC, wato lambar shaidar na'urar a kan hanyar sadarwa, yake zaune. Ka sa wa fayil ɗin sunan samfurin da adireshin MAC da ke kan takardar bayan na'urar. Wanda ke da rauta goma iri ɗaya a shago, kowacce da fayil mai suna `art.bin`, daidai yake da wanda bai ajiye komai ba.

Idan filash ɗin NAND ne, yi amfani da `nanddump`, saboda matattun bulo da irin wannan filash kan ƙunsa. Wasu na'urorin kuma sun ajiye bayanan cikin kundin UBI, to daga can za ka ɗauko.

Idan rautar ba ta tashi sam, sai a koma ga furogirama, wato na'urar da ke karanta cif ɗin filash kai tsaye. CH341A da maƙalin nan mai haƙora takwas su ne a hannun kowa. Ka duba ɗigon da ke kusurwar cif ɗin, shi ne ƙafa ta ɗaya, jan layin igiyar maƙalin ya zauna a kansa. Ka karanta da `flashrom` sau biyu zuwa fayil biyu, ka gwada su da `cmp`. In sun bambanta ko da bait ɗaya ne, maƙalin bai kama da kyau ba, sake. Hattara biyu: yawancin baƙaƙen CH341A suna tura bolt 5 a layukan bayanai alhali cif irin W25Q128 na bolt 3.3 ne, sannan akwai cif na bolt 1.8 da ke buƙatar adafta.

Mataki na biyu: leƙa cikin fayil ɗin

Sashen `art` yawanci kilobait 64 ne a ƙarshen filash, kuma mafi yawansa fanko ne, `ff` kawai. Mu ɗauki Archer C7 v2, wadda ta cika kasuwar gwanjo. Tana da rediyo biyu: na 2.4 GHz cikin QCA9558, direbansa `ath9k`, da na 5 GHz wato QCA9880 a kan PCIe, direbansa `ath10k`. Filash ɗinta megabait 16, `art` ya fara daga 0xff0000.

```
hexdump -C -s 4096 -n 32 art.bin
hexdump -C -s 20480 -n 32 art.bin
```

4096 shi ne 0x1000, 20480 kuma 0x5000. A wuri na farko ya kamata idonka ya faɗa kan `02 02` a farkon layi, alamar bayanan dangin AR9300 ke nan, tsawonsu 0x440. A wuri na biyu za ka ga `44 08`. Juya su, ka samu 0x0844, wato bait 2116, bayanan da kansu suke faɗa maka tsawonsu. Bait biyu da ke biye su ne lambar tantancewa, daga bait na 6 kuma adireshin MAC.

Da ka saba, bait biyun farko sun ishe ka gane dangi. `20 2f` na nufin 0x2f20, bait 12064, na sababbin cif irin QCA9886, QCA9888, QCA9984 da IPQ4019. `a5 5a` ko `5a a5` na tsofaffin AR92xx ne. MediaTek ya fi sauƙi, lambar cif ɗin ce a juye: `03 76` MT7603 ne, `15 76` MT7615 ne, MAC ɗin yana bait na 4, kuma a kan bodin MT7621 rediyo na farko yawanci yana 0x0, na biyu 0x8000.

In ka tarar da `ff` daga sama har ƙasa, kada ka yi saurin yanke ƙauna. Wataƙila kamfanin ya ajiye su a wani gurbi dabam. `hexdump -C art.bin` yana dunƙule layukan fanko ya bar tauraro, don haka duk inda akwai abu zai fito fili. In da gaske babu komai, tsallaka zuwa sashen ƙarshe.

Mataki na uku: tambayi direba abin da ya samu

```
dmesg | grep -i -e ath -e mt76 -e firmware
```

A nan `ath10k` ya kyauta mana. Idan ya tashi, yakan rubuta layi mai ɗauke da `htt-ver`, a tsakiyarsa akwai kalmar `cal` da inda ya samo bayanan: `cal file`, `cal nvmem`, `cal pre-cal-file`, `cal pre-cal-nvmem` ko `cal otp`. Yana nema ne bi da bi. Yakan fara da nau'in `pre-cal`, ta nvmem (karantawa kai tsaye daga filash), sai fayil, sai bishiyar na'ura (bayanin da ke faɗa wa manhaja kayan da ke kan bodin). In bai samu ba ya nemi nau'in `cal` ta hanyoyin nan uku, daga ƙarshe ya koma ga abin da ke jikin cif ɗin, wato `otp`.

Wannan jerin ya bayyana abu biyu. Na ɗaya, layin da ke cewa lodin `pre-cal-pci-0000:00:00.0.bin` ya gaza da `error -2` ba abin tsoro ba ne a kan QCA9880, direba ne ya ƙwanƙwasa ƙofar farko bai samu kowa ba ya wuce. Na biyu, `cal otp` a kan rauta abin zargi ne. A katin laftof daidai ne, amma a cif ɗin da aka liƙa kan bodin rauta sau da yawa wurin nan fanko ne, sai ka ga `otp calibration failed` da `could not probe fw`, ko kuma rediyo ya tashi da rauni. `ath9k` shi kuma yakan ce `Unable to initialize hardware; initialization status: -5`.

Mataki na huɗu: miƙa bayanan ta fayil

Wannan ce hanyar gwaji mafi sauri, ba sai ka sake gina manhaja ba. Yanko yankin da hannu:

```
dd if=/tmp/art.bin of=/lib/firmware/ath10k/cal-pci-0000:00:00.0.bin bs=1 skip=$((0x5000)) count=$((0x844))
rmmod ath10k_pci
modprobe ath10k_pci
```

Sunan fayil ɗin ba na ganin dama ba ne. Nau'i ne, da hanyar da cif ya jonu, da adireshinsa. Kwafo shi daga `dmesg` harafi da harafi, domin a wata na'urar adireshin `0000:01:00.0` ne. A IPQ4019, inda rediyon ke cikin babban cif, sunayen su ne `pre-cal-ahb-a000000.wifi.bin` daga 0x1000 da `pre-cal-ahb-a800000.wifi.bin` daga 0x5000. Musanya waɗannan biyun kuskure ne mai saurin faruwa, tunda tsawonsu ɗaya.

OpenWrt yana yin wannan yankan da kansa a na'urorin da ba a mayar da su sabon tsarin nvmem ba. Idan kanel, wato zuciyar manhajar, ya nemi fayil bai samu ba, sai ya tada rubutun `/etc/hotplug.d/firmware/11-ath10k-caldata`, ko `10-ath9k-eeprom` na `ath9k`. A ciki, ƙarƙashin sunan kowane bodi, akwai layi irin `caldata_extract "art" 0x5000 0x844`. Idan kana ƙara sabon bodi, nan za ka sa sunansa. Ka lura da layin da ke can saman rubutun: in fayil ɗin ya riga ya wanzu, fita yake yi ba ya sake yanka. Ma'ana, ko ka gyara lambobin, muddin tsohon gurɓataccen fayil na nan a `/lib/firmware`, shi za a ci gaba da lodawa. Goge shi tukuna. Mutane da dama sun ɓata yini guda a kan wannan.

A `ath9k`, alamar `qca,no-eeprom` cikin bishiyar na'ura ita ke sa direba ya nemi fayil mai suna irin `ath9k-eeprom-pci-0000:00:00.0.bin`. Tsofaffin cif na PCI marasa ma'ajiyar kansu ma ba sa iya faɗin sunansu na gaskiya, `lspci` zai nuna su da `168c:ff1c` ko `168c:ff1d` har sai `owl-loader` ya cusa musu ƙimomin farko.

Mataki na biyar: mayar da shi na dindindin ta nvmem

Idan gwajin fayil ya yi, kuma kai ke gina manhajar, ka koma nvmem. A ganina ita ce hanyar da ta dace. Direba yana karantawa kai tsaye daga filash ɗin na'urar a kowane tashi, babu fayil ɗin da zai tsufa, kuma babu haɗarin ka kwafi manhajar rauta ɗaya zuwa guda ashirin su tafi da awon guda ɗaya. A fayil ɗin DTS, wato inda ake rubuta bishiyar na'ura, cikin sashen `art`:

```
partition@ff0000 {
	label = "art";
	reg = <0xff0000 0x010000>;
	read-only;

	nvmem-layout {
		compatible = "fixed-layout";
		#address-cells = <1>;
		#size-cells = <1>;

		cal_art_1000: calibration@1000 {
			reg = <0x1000 0x440>;
		};

		cal_art_5000: calibration@5000 {
			reg = <0x5000 0x844>;
		};
	};
};
```

Sannan ka nuna wa kowane rediyo nasa. Na cikin babban cif:

```
&wmac {
	status = "okay";
	nvmem-cells = <&cal_art_1000>;
	nvmem-cell-names = "calibration";
};
```

Na PCIe kuma, ƙarƙashin mashigar da yake kai:

```
wifi@0,0 {
	compatible = "qcom,ath10k";
	reg = <0x0000 0 0 0 0>;
	nvmem-cells = <&cal_art_5000>;
	nvmem-cell-names = "calibration";
};
```

Lambobin `reg` na cikin `nvmem-layout` daga farkon sashen ake ƙirga su, ba daga farkon filash ba. Tsawon dole ya yi daidai cif-cif, `ath10k` yana ƙin karɓa in ya ƙaru ko ya ragu. Cif masu `20 2f` sunansu `pre-calibration`, na `mt76` kuma `eeprom`. A tsofaffin bishiyoyi za ka ga `mediatek,mtd-eeprom = <&factory 0x8000>`, aiki ɗaya suke yi. Kalmar `read-only` kuwa ka bar ta inda take, ita ce katangar da ke tsakanin bayanan da kuskuren yatsa.

Adireshin MAC

Kada ka ɗauka MAC ɗin da ke cikin bayanan daidaitawa shi ne na gaskiya. A na'urori da yawa na cike gurbi ne, irin `00:02:03:04:05:06`. A gida ɗaya ba za ka ji komai ba. Amma a masauki mai hawa shida, kowane hawa da rautarsa, duk suna amsa suna ɗaya, wayoyin baƙi za su yi ta tsinkewa ba wanda ya san dalili. A Archer C7 v2 na gaskiyar yana `u-boot` a 0x1fc00. Ta nvmem, sai ka ƙara gurbi na biyu mai suna `mac-address`. Ta fayil, akwai `ath10k_patch_mac` da `ath9k_patch_mac` cikin `/lib/functions/caldata.sh`. Yi amfani da su, kada ka gyara da hannu, domin a bayanan `ath10k` duk bait ɗin da ya canza sai an gyara lambar tantancewa, wadda ake samu ta XOR na kalmomi masu bit 16 har jimlar ta ba da 0xffff.

Inda `pre-cal` ya bambanta

A QCA9880 fayil ɗin `cal` cikakke ne, shi kaɗai ya isa. A sababbin cif rabin labari ne. Direba zai loda `pre-cal`, ya tambayi cif lambar bodinsa, sannan ya buɗe `board-2.bin` ya nemi bayanan da suka dace da wannan lambar, a haɗa biyun. In ka ga `failed to fetch board data for bus=ahb,bmi-chip-id=0,bmi-board-id=16`, matsalar tana `board-2.bin`, ka daina wahalar da `art`.

Wanda ya fi wannan wuyar ganewa shi ne lokacin da babu kuskure ko ɗaya. Kamfanoni da yawa sun bar lambar bodin gwaji ta Qualcomm, don haka direba zai samu abin da ya yi daidai da lambar, ya tashi lafiya, amma bayanan na wani bodi ne mai amfilifaya dabam. Sai siginar ta yi rauni. Maganinsa alamar `qcom,ath10k-calibration-variant` a DTS da kunshin `ipq-wifi` na na'urar. In babu na taka, ana ciro fayilolin bodi daga manhajar kamfani a haɗa su da `ath10k-bdencoder`. Wani dalilin ke nan na kwafe filash gaba ɗaya kafin a goge.

Lambar ƙasa

Yawancin rautocin gwanjo an yi su ne don wata kasuwar. Za ka ga `EEPROM regdomain: 0x0` a `dmesg`, direba ya koma kan dokar Amurka. Sa `option country 'SA'` a kowane rediyo cikin `/etc/config/wireless`, ka tabbatar da `iw reg get`. A Saudiyya hukumar sadarwa ta CST ce ke tsara mitoci da iyakar ƙarfi. Na san akwai masu shiga bayanan daidaitawa su ɗaga iyakar don sigina ta tsallaka bango. Ban goyi bayan haka ba. Ban da saɓa doka, amfilifayar da aka tura fiye da awonta tana gurɓata siginar, sandunan waya su cika amma gudu ya ragu, a kuma dami maƙwabta. Ginin kankare mai hawa da yawa rauta ta biyu yake buƙata.

Gwaji

Bayan sake tashi, duba `cal` ya nuna hanyar da ka nufa. `iw phy` ya nuna eriya daidai da na bodin, `iw dev` ya nuna MAC ɗin da ya yi kusa da na takardar baya. Abin da direba ya karɓa yana `/sys/kernel/debug/ieee80211/phy0/`, ƙarƙashin `ath9k/base_eeprom`, `ath10k/cal_data` ko `mt76/eeprom`. Sannan ka jona waya ka gudanar da `iperf3` mai auna gudu kusa da rautar, ka sake daga bayan bango biyu, a tasha ta ƙasa da ta sama. Ka bar ta ta yi zafi na sa'a guda ka maimaita, domin gurɓataccen awo yakan ɓuya a ɗaki mai sanyin mukayyif.

Idan bayanan sun riga sun salwanta

Wannan yakan faru ne idan an goge filash gaba ɗaya da furogirama, ko an canza cif ɗin megabait 4 zuwa 16 ba a dasa `art` a inda sabon DTS ke nemansa ba. In kana da kwafi, abin da sauƙi. Sashen a kulle yake, sai ka sa `kmod-mtd-rw`:

```
insmod mtd-rw i_want_a_brick=1
mtd write /tmp/art.bin art
```

Sunan da suka ba zaɓin gargaɗi ne, yana buɗe duk sassan har da `u-boot`. Karanta umarnin sau biyu kafin ka danna, ka sake tada na'urar nan take don ƙofar ta rufe.

In babu kwafi, abin da ya rage shi ne aro daga wata rautar, samfuri ɗaya, bugu ɗaya. Na v2 ba ya zama a v5, bodinsu dabam ne. Ka gyara MAC ya koma na na'urar. Za ta yi aiki, wani lokaci har ba a gane bambanci, wani lokaci tasha ɗaya ta yi kyau wata ta yi rauni. Ka rage ƙarfin watsawa kaɗan daga iyaka, tunda gyaran da take bi na wata ce. Kuma idan za ka miƙa ta, ka faɗa wa mai ita: "Alhaji, wannan awon aro ke cikinta, ta ɗaki ce ko ƙaramin shago, kada a ɗora mata masauki." Farashinta ma ya sauka daidai da haka.